Tarihin Gano Yadda Bakteriyar Agrobacterium Ke Sa Tsokar Shuka Girma Ba Tare da Homon Ba

Idan aka yanko ɗan guntun totuwar karan taba aka ɗora a kan daskararren abinci cikin kwalbar ɗakin bincike, aka ba shi sukari da gishirin ma'adinai da bitamin, ba abin da zai yi sai ya zauna ya dafe ya mutu. Ƙwayoyin halittarsa, waɗanda ɗaliban kimiyya ke kira sel, ba sa fara rabuwa suna ninkuwa sai an zuba musu sinadaran girma guda biyu, wato homon ɗin oksin da na saitokinin. Akwai tsokar shuka da ba ta bin wannan doka. Ita ce tsokar ƙarin da wata bakteriyar ƙasa mai suna Agrobacterium tumefaciens ke haddasawa a jikin inabi da tuffa da furen wardi da ɗaruruwan wasu tsirrai. Wannan tsoka tana girma shekara da shekaru a cikin kwalba ba ko ɗigon homon, alhali bakteriyar da ta jawo ta ta mutu tuntuni. Kusan shekara 80 masana suka yi suna bin sawun dalili, daga 1907 zuwa tsakiyar shekarun 1980, kuma a kan hanyar ne aka samo dabarar da ake sauya gadon shuke-shuke da ita a yau.

Ƙari a gindin shuka

Manoman inabi da masu lambunan 'ya'yan itace a Turai da Amurka sun daɗe da sanin cutar. Ƙullutu ne mai kaushi da ke fitowa daidai inda kara ya haɗu da saiwa, ko a wurin da aka yi wa itace aure, ko inda sanyi ya tsage ɓawo. Kullum sai an sami rauni tukuna. A 1907 Erwin F. Smith da Charles O. Townsend na ma'aikatar gona ta Amurka suka ciro wata bakteriya daga ƙarin wani furen ado, suka rene ta ita kaɗai, suka tsikara ta a jikin lafiyayyar shuka, ƙari ya fito. Sun raɗa mata suna Bacterium tumefaciens; sunan Agrobacterium ya zo ne a 1942. Smith ya shafe sauran rayuwarsa yana jawo hankalin likitoci cewa wannan ƙari yana kama da ciwon dajin ɗan Adam. Ya yi tsammanin za a sami bakteriya a bayan sankarar mutane ma, abin da bai tabbata yadda ya zata ba, amma kwatancen ya yi amfani: shi ya sa cibiyoyin binciken likitanci suka yarda su zuba kuɗi a kan cutar itatuwa.

A lokacin ba wanda ya iya renon tsokar shuka a waje da jikinta. Gottlieb Haberlandt ya gwada a 1902 bai yi nasara ba. Sai a 1934 Philip White ya iya raya saiwar tumatir a cikin ruwan abinci ba iyaka, sannan a 1939 mutum uku, kowa daga nasa ɗakin, suka sanar da tsokar da ke girma ba tsayawa. Roger Gautheret da Pierre Nobécourt a Faransa sun yi aiki da karas, kuma sai da suka sa oksin. White a Amurka ya yi amfani da wata tabar da aka samu daga barbarar Nicotiana glauca da Nicotiana langsdorffii, wadda ke fitar da ƙari da kanta ba wata cuta, tsokarta kuwa ba ta nemi oksin ba.

Gwajin Braun

White yana aiki ne a reshen Cibiyar Rockefeller da ke Princeton a lokacin, inda ya haɗu da wani matashi mai suna Armin Braun. Sun lura cewa idan aka sa wa furen rana bakteriyar, bayan ƙarin farko wasu ƙananan ƙari kan fito can nesa a jikin kara da ganye, kuma sau da yawa babu bakteriya a cikinsu. A 1941 suka yanko irin wannan tsoka suka rene ta a kwalba. Ta yi ta girma a kan abincin da lafiyayyar tsoka ba ta iya rayuwa a kai. Da suka mayar da ita jikin lafiyayyen furen rana ta hanyar aure, sai ta sake zama ƙari. Ke nan cutar ta rabu da mai kawo ta.

Braun ya so ya san tsawon lokacin da bakteriyar ke buƙata kafin ta gama aikinta, kuma dabarar da ya yi a 1943 tana cikin mafi kyawun gwaje-gwajen wannan fage. Ya nemo wani fure ɗan asalin Madagaska, Catharanthus roseus, mai jure zafin da bakteriyar ba ta jurewa. Sai ya ji wa karan rauni ya sa bakteriya, ya bar tukwanen a ɗaki mai sanyi-sanyi, wasu na yini guda, wasu kwana biyu, wasu huɗu. Daga nan ya kwashe su zuwa akwatin da zafinsa ya kai digiri 46 a ma'aunin Selshiyos, ya bar su kwana biyar. Bakteriyar ta mutu ƙurmus, furen ya rayu. Waɗanda aka gasa da wuri ba su fitar da komai ba. Waɗanda suka samu kamar kwana ɗaya da rabi sun yi ɗan ƙaramin ƙari mai nawar girma. Waɗanda suka samu kwana uku zuwa huɗu kuwa ƙarinsu ya fito cikakke, kamar ba a taɓa kashe bakteriyar ba. A cikin waɗannan 'yan kwanaki wani abu ya ratsa daga bakteriya zuwa sel ɗin shuka ya zauna daram, har yana bin 'ya'ya da jikokin sel ɗin. Braun bai san ko mene ne ba, don haka a ƙarshen shekarun 1940 ya ba shi suna kawai, abin da ke haddasa ƙari, aka taƙaita shi da haruffan TIP. Kusan shekara 30 wannan suna ya yi yana jiran a gano mai shi.

Homon biyu da ma'auninsu

Kafin a fahimci abin da tsokar ƙari ta daina buƙata, sai da aka san abin da lafiyayyar tsoka ke buƙata. An san oksin tun aikin Frits Went a shekarun 1920, kuma a 1934 aka gane cewa sinadarin da ake taƙaitawa IAA oksin ne. Ɗayan homon ɗin ya fi wuyar kamu. An dai ga ruwan kwakwa yana sa sel rabuwa, ba a san me ke cikinsa ba. A Jami'ar Wisconsin, Carlos Miller na ɗakin binciken Folke Skoog ya ɗauko wata tsohuwar kwalbar DNA na maniyyin kifi ya zuba wa totuwar taba, sai ta kama girma. Da aka sayo sabon DNA aka gwada, shiru. Sai da aka dafa shi a tukunyar tururi ta kashe ƙwayoyin cuta sannan ya yi aiki, domin abin da ake nema yana fitowa ne idan DNA ya fara lalacewa. Haka aka samu kainetin a 1955, na farko a dangin saitokinin. Na asali wanda shuka ke yi da kanta, ziyatin, David Letham ne ya ciro shi daga ɗanyar masara a 1963.

A 1957 Skoog da Miller suka jera kwalabe, suna ƙara wannan suna rage wancan. Inda oksin ya rinjaya, tsokar taba ta fitar da saiwoyi. Inda kainetin ya rinjaya, ta fitar da toho da ganye. Inda suka yi kunnen doki, ta zama dunƙulen tsoka mara siffa, ba kai ba gindi. Braun ya ɗauki wannan ma'auni ya auna ƙarinsa da shi, ya nuna a 1958 cewa tsokar ƙari ba ta daina amfani da homon ba, ta koma yin nata ne da kanta, duka biyun. Har ya nuna cewa wani nau'in ƙarin taba mai fitar da murɗaɗɗen toho, idan aka yi ta aura shi a kan lafiyayyen kara, yana iya dawowa hayyacinsa ya yi fure. Wannan ya sa Braun da wasu da dama suka fi karkata ga cewa bakteriyar tana tayar da wani abu ne da ke kwance a cikin sel ɗin tun asali, ba sabon abu take kawowa ba. A nan ya yi kuskure, ko da yake yana da hujja: tun 1942 Gautheret ya ga lafiyayyar tsokar da ta daɗe a kwalba wani lokaci takan daina neman oksin haka kawai, ba bakteriya ba komai.

Alamu daga Versailles, Adelaide da Ghent

Alamar farko da ta nuna sabon gado ne ke shiga ta fito daga Faransa. A ɗakin binciken Georges Morel da ke Versailles an gano cewa ƙarin yana ƙunshe da wasu baƙin sinadarai da lafiyayyar shuka ba ta yi, waɗanda daga baya aka kira ofin. Ɗaya shi ne oktofin, wanda aka fara samu a tsokar wata dabbar teku mai hannuwa takwas, ɗayan kuma nofalin. A 1970 Annik Petit da Jacques Tempé da abokan aikinsu suka nuna cewa nau'in bakteriyar ne ke yanke irin ofin ɗin da ƙari zai yi, ba nau'in shukar ba, kuma kowace bakteriya tana cin irin wanda ta sa aka yi. Morel ya ce lallai bakteriyar tana miƙa wa shuka wani ɓangare na gadonta. Mutane da yawa ba su ɗauki maganar da muhimmanci ba, ya kuma rasu a 1973 kafin a tabbatar da ita.

A Ostareliya, Allen Kerr na Cibiyar Waite da ke Adelaide ya ga cewa bakteriyar da ba ta da illa tana iya koyon haddasa ƙari idan ta zauna tare da mai illa a jikin shuka ɗaya. A Amurka kuma aka ga wani nau'i mai lamba C58 yana rasa illarsa har abada idan aka rene shi a zafin digiri 36 zuwa 37. Abin da ake iya ara, ake kuma iya yarwa, ya yi kama da filasmid, wato wani zoben DNA da bakteriya ke ɗauke da shi daban da babban kundin gadonta. A 1974 ɗakin Jeff Schell da Marc Van Montagu a Jami'ar Ghent ta Beljiyam ya same shi: ƙaton zobe mai haruffan DNA wajen 200,000, yana cikin masu illa, babu shi a marasa illa. Aka kira shi filasmid ɗin Ti. Ƙungiyar Eugene Nester da Milton Gordon a Jami'ar Washington da ke Seattle ta tabbatar da haka a 1975.

A wannan ƙungiya ta Seattle akwai Mary-Dell Chilton, wadda ta shiga aikin tana ganin zancen shigar DNA na bakteriya cikin shuka tatsuniya ce, kuma ta riga ta rushe wasu rahotannin da suka yi iƙirarin haka. Da suka nemi zoben gaba ɗayansa a cikin DNA na ƙari, ba su ga komai ba. Sai suka canza dabara. Suka daddatsa zoben gutsi-gutsi da wani furotin mai yanka DNA, wato enzayim, suka yi wa kowane gutsure alamar da na'ura ke iya ji, suka warware igiyoyinsa biyu, suka auna saurin da zai sake haɗuwa idan an cakuɗa shi da DNA na ƙarin taba. Gutsuren da ke da ɗan'uwa a cikin ƙarin zai fi saurin samun abokin haɗuwa. Aikin ya ci mutanen ɗakin duka, dare da rana. Yawancin gutsattsarin ba su nuna komai ba, amma ɗan wani yanki ya nuna. Sakamakon ya fito a mujallar Cell a 1977. Ashe ɗan yanki ne kawai ke tsallakawa, kamar kashi ɗaya cikin goma na zoben, shi ya sa neman farko ya ci tura. Aka sa masa suna T-DNA, kuma a 1980 aka nuna cewa a cibiyar sel yake, ɗinke cikin DNA na shukar kanta. Wannan shi ne TIP ɗin Braun, wanda ya rayu ya ga haka kafin rasuwarsa a 1986.

Ƙwayoyin gado uku

Saura a san me ke rubuce a cikin yankin. A 1981 ɗakin Rob Schilperoort a Leiden ta Holan, da ɗakin Nester a Seattle, sannan na Ghent, suka bi T-DNA suna lalata ƙwayoyin gadonsa ɗaya bayan ɗaya, suna duba irin ƙarin da zai fito a jikin taba. Abin da suka gani kamar an kwafo shi ne daga kwalaben Skoog da Miller. Idan aka lalata wani wuri, ƙarin sai ya cika da toho. Aka kira wurin tms, mai ƙwayoyin gado biyu. Idan aka lalata wani wurin daban, sai saiwoyi su yi ta fita. Aka kira shi tmr. Duk wanda ya san ma'aunin 1957 zai karanta amsar: tms na oksin ne, rashinsa ya bar saitokinin ya rinjaya, tmr kuma na saitokinin ne.

Tabbacin sinadarai ya zo tsakanin 1984 da 1986 daga ɗakunan bincike a Jamus da Beljiyam da Amurka. Ƙwayar gado ta farko a tms, wadda yanzu ake kira iaaM, tana sa a yi enzayim mai juya tiriftofan, ɗaya daga tubalan furotin, ya zama wani sinadari na tsaka-tsaki. Ta biyu, iaaH, tana ƙarasa shi ya zama IAA. Ita kuwa tmr, wadda aka sake wa suna ipt, tana yin enzayim ɗin da ke ɗaukar matakin farko na haɗa saitokinin. Aikin Tsune Kosuge a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ya taimaka ƙwarai. Shi yana binciken wata bakteriya ce daban, Pseudomonas savastanoi, mai sa ƙullutu a reshen zaitun, wadda ke da irin waɗannan ƙwayoyin gado na oksin. Bambancin shi ne ita tana riƙe su a jikinta tana tsiyaya homon ɗin daga waje, don haka sai tana nan ƙullutun ke ci gaba. Agrobacterium kuwa tana ba shuka girke-girken ne gaba ɗaya.

Abu biyu suka sa wannan girma ba ya tsayawa. Ƙwayoyin gadon T-DNA, duk da a jikin bakteriya suke zaune, alamomin kunna su irin na shuka ne, don haka sel ɗin shuka yana karanta su kamar nasa. Sannan hanyar da iaaM da iaaH ke bi zuwa oksin ba ita ce babbar hanyar da shuka ta saba bi ba, linzamin da take ja idan homon ya yi yawa ba ya kama su. Ribar bakteriyar tana gefe guda a cikin T-DNA ɗin: ƙwayoyin gadon yin ofin. Ƙarin rumbu ne, shuka ke cika shi da abincin da kusan mai shi kaɗai ke iya ci. Schell da abokansa sun kira wannan mulkin mallaka ta hanyar gado, sunan kuma ya dace.

Abin da bai shiga lissafin ba

Littattafan makaranta kan tsaya a nan, amma lamarin bai ƙare da ƙwayoyin gado uku ba. A cikin T-DNA akwai wata da ake kira 6b, wadda ba ta yin oksin ko saitokinin, amma ita kaɗai tana iya tayar da ɗan ƙari a wasu tsirrai. A 1996 Hiroetsu Wabiko da abokin aikinsa a Japan suka nuna cewa ganyen tabar da aka sa wa 6b na wani nau'in bakteriyar yana fitar da tsoka mai girma a kan abincin da ba homon. Binciken da ya biyo baya ya sami furotin ɗinta yana kama wasu furotin na cibiyar sel, wato ta wata ƙofar take shiga.

Haka 'yar'uwar Agrobacterium tumefaciens, wato Agrobacterium rhizogenes, wadda aka bayyana tun 1930 a matsayin mai sa itacen tuffa fitar da saiwoyi cunkus kamar gashi. A 1982 aka nuna ita ma T-DNA take tura wa shuka, kuma a 1985 Frank White da abokansa suka ware ƙwayoyin gadonta huɗu da ake kira rol. Saiwoyin da take haifarwa suna girma da sauri a ruwan abinci ba homon, ba don sun cika da oksin ba, sai don sel ɗinsu ya zama mai saurin jin ɗan kaɗan ɗin da ke akwai. Masu binciken magungunan itatuwa suna renon irin waɗannan saiwoyi don samun sinadaran da shuka ke tarawa a saiwarta. A nan ne tabar Philip White ta 1939 ta sake dawowa cikin labari: a 1983 aka gano cewa Nicotiana glauca, ɗaya daga iyayenta, tana ɗauke da dangin waɗannan ƙwayoyin gado a cikin gadonta, saura daga wata tsohuwar kamuwa, kuma an same su suna aiki a cikin ƙarin da tabar ke fitarwa da kanta. Tsokar Gautheret mai daina neman homon haka kawai kuwa, Frederick Meins ya nuna a taba cewa sauyi ne da ke iya komawa baya, ba a taɓa rubutun DNA ba. A wannan ɓangare tunanin Braun yana nan da ransa.

Kwance wa bakteriyar ɗamara

Da aka gane cewa abin da bakteriyar ke dubawa wajen yanko T-DNA shi ne wasu gajerun alamomi masu haruffa 25 a bakinsa biyu, ba abin da ke tsakiya ba, sai dabara ta fito fili: a kwashe iaaM da iaaH da ipt, a sa abin da ake so a gurbinsu. Dole ne ma a kwashe su, domin sel ɗin da ke ambaliyar homon ba ya zama lafiyayyar shuka mai iri. A watan Janairun 1983, a wani taro a Miami, ƙungiyoyi uku suka sanar da sa baƙuwar ƙwayar gado ta yi aiki a sel ɗin shuka: ta Chilton, wadda ta koma St. Louis, ta Schell da Van Montagu, da ta kamfanin Monsanto. Ƙwayoyin gadon da aka sha wahalar nema su aka fara jefarwa, mai bincike ya koma zuba homon da hannunsa bisa ma'aunin Skoog da Miller. Chilton da Van Montagu da Robert Fraley na Monsanto sun karɓi lambar yabo ta abinci ta duniya a 2013. Schell ya rasu tun 2003. Da irin wannan bakteriya da aka kwance wa ɗamara aka sa ƙwayar gadon kariya daga tsutsar Maruca a cikin wake, aikin da ya kai ga irin SAMPEA 20-T na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wanda aka amince da shi a Najeriya a 2019.

A 2015 masu bincike daga Jami'ar Ghent da Cibiyar Dankali ta Duniya da ke Lima a ƙasar Peru suka duba nau'o'in dankalin Hausa 291 da aka tattaro daga nahiyoyi daban-daban. Sun sami T-DNA na Agrobacterium a cikin dukkansu, wanda ya shiga gadon shukar tun dubban shekaru, ba hannun kowa. Cikin ƙwayoyin gadon da ke wannan yanki har da iaaM da iaaH.